Jarkar da Ba Ɗiyar Ƙasa Ba

Ba zan taɓa mantawa da bitar Tasawa ba. Ko na so mantawa, matan ƙungiyarmu ba za su bar ni ba.

Mu masu matsar man gujiya ne a garin Sarkin Hausa, cikin ƙasar Mayahi. Mu soya, mu kai inji, mu matse, mu sayar da mai da ƙuli-ƙuli. Akwai wani Alhaji a ƙetaren iyaka da ke son manmu da yawa, amma ya ce sai mun samo takardar asali, wadda ke nuna man na ƙasar nan ne, don a sassauta masa wajen duwan, wato kwastan. In babu ita, zai nemi wasu. Ana cikin haka aka aiko mana cewa za a yi bita a Tasawa, a koya wa jami'an duwan da ma'aikatan kasuwanci yadda ake gane asalin kaya, kuma ana son masu sana'a su zo da abin da suke yi a gani. Mata suka ce ni zan je. (Ba don na iya magana ba. Don ba na tsoron kaki ne.) Suka haɗa ni da Barira, sakatariyarmu, wadda ta yi lakkwal, wato boko, ta riƙa juya mini Faransanci.

Na zaɓi man da ya fi haske na cika jarka. Jarkar irin ruwan ɗorawar nan ce da kowa ke saye a kasuwa bayan an ƙare man waje da ke ciki. Akwai rubutu a jikinta. Ban san me ya ce ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Murfinta ya saki, sai na naɗa leda na ɗaure.

A zauren bitar na tarar da mai riɗi, da mai fatun akuya, da wani mai aya. Aka ce kowa ya ɗora kayansa a tebur. Na ƙi. Man na mata da yawa ne, ba na raba shi da idona. Na ajiye jarkar a ƙasa, gaban gwiwoyina.

Wadda ke koyarwa wata madam ce daga Yamai, doguwa mai tabarau. Ta kama Faransanci kamar ruwan Agusta. Da farko Barira na raɗa mini, daga baya aka kira ta a waya ta fita. Ga fanka, ga gajiyar hanya. Gyangyaɗi ya ɗauke ni. Ashe a nan ne Madam ta ce jami'an su tashi su gwada abin da suka koya a kan kayanmu, kuma su yi da Hausa don mu ji.

Na farka na ga wani saurayi cikin kaki tsaye, yana nuno wajena da biro.

"Wannan kam, Madam, ba ɗiyar ƙasar nan ba ce. Daga gani."

Na kusa da shi ya ce, "Daga waje aka shigo da ita. Ta daɗe nan ne kawai, shi ya sa ta saje."

Wani ya ce, "Dubi jikinta mana, ta sha wuya. Ga baki ma ya ƙi rufuwa."

(Na san baki buɗe nake gyangyaɗi. Tun ina yarinya ake faɗa mini.)

Saurayin ya ƙara da cewa, "Ba ta da asali a nan. Ni dai ba zan ba ta takarda ba."

To, akwai abin da ba su sani ba. Ni a bayan uwata na shigo Mayahi daga arewa, shekarar yunwa. Uwata ba ta ga damina ba, ta rasu. Wata tsohuwa ta riƙe ni. Na girma ana kirana marar asali a bakin rijiya, na yi aure ana faɗa, na binne miji ana faɗa. Da baki da hannu na rufe bakin mutane, har aka daina. Ga shi yau sa'an ɗan cikina ya tono maganar a gaban jama'a, zai kuma hana matanmu takarda saboda ni.

Na miƙe.

"Kai yaro! Wa ke marar asali? Ubana Mamman, ɗan Agali, mai raƙuma. Yunwa ta kawo mu, ba sata ba. Na haifi 'ya'ya a ƙasar nan, na binne biyu a cikinta. Jikina ya sha wuya, e, da aiki ya sha. Bakina kuwa ba kai za ka rufe shi ba. Kai wane ne ubanka? Faɗa mu ji!"

Yaron ya dube ni, ya dubi Madam, ya sauke biro a hankali.

"Inna," ya ce, "jarka muke nufi."

Na dubi ƙasa. Ga ta zaune gaban gwiwoyina, jiki duk ƙwarzane, baki ɗaure da leda.

Mai fatun akuya ne ya fara dariya. Ya so ya danne, ta fito masa ta hanci. Daga nan kowa ya ɗauka, har babban jami'in da ke gaba ya cire hula ya rufe fuska. Barira ta shigo da gudu tana cewa, "Yaya, mi ya faru?" Na zauna. Na sha yunwa, na sha takaba, amma ban taɓa son ƙasa ta tsage ta haɗiye ni ba sai ranar. Abin da ya fi cin raina ba dariyar ba ce. Na zagi mai ba da takarda a gaban manyansa. Me zan koma in ce wa mata?

Madam ta bari dariya ta lafa, sannan ta zo gabana.

"Inna, gujiyar nan a ina aka noma ta?"

"Gonakinmu. Wata daga kasuwar Urafane."

"A ina aka matse?"

"Gidana."

Ta juya ga jami'an. Ta ce sun karanta jarka sun bar mai. Asalin kaya yana ga inda aka noma shi, ko inda aka sarrafa shi har ya zama wani abu dabam. Mazubi bin abin da ke cikinsa yake yi. Ta ce in ka sayo man waje ka juye a kwalbarka, bai zama naka ba. Amma akwai kayan da ko daga waje tushensu ya zo, in a nan suka sha aikin da doka ta gindaya, na nan ne.

Na ce, "To, ashe ni ma ɗiyar Mayahi ce. A nan aka soya ni, a nan aka matse ni."

Aka sake fashewa. Wannan karon na ɗan taya su.

Da aka tashi na sami yaron a bakin ƙofa. Na ce, "Ɗan nan, ka yi haƙuri." Iyakar abin da na iya ke nan. Ya ce, "Ba komai, Inna. Sunan ubana Isuhu, tunda kin tambaya."

Takardar ta fito, bayan mun yi ta zarya Maradi, kuma aka ce mu sayi sababbin jarkoki masu sunan ƙungiya don kada wani ya sake ruɗewa a iyaka. Alhaji bai nemi wasu ba. Barira kuwa tun kan mu sauka daga mota ta gama ba kowa labari. Yanzu har jikokina Inna Jarka suke ce mini.

Abin da na koya ke nan: in ka ji ana zagi, ka fara duba ko naka ne kafin ka ɗauka. Wani zagin na jarka ne.