Abin da Ya Yi Sati Uku Yana Bi Na a Sararin Doha

Ba zan taɓa mantawa da wannan Juma'ar ba, ko na so ma mutanenmu na Doha ba za su bari ba.

Ni direba ne. Shekaruna sun haura sittin, bokona a aji uku ya tsaya, aikina kai 'ya'yan kafil, wato maigidan da ya ɗauko ni aiki, makaranta. Lasisina kuwa saura wata guda ya ƙare, sabunta shi sai an gwada ido. In ido ya faɗi, sai akwati, sai Katsina.

Bayan an sauko daga masallaci mukan taru a gidan wani namu da muke kira Injiniya, a unguwar Bin Mahmud, mu ci tuwo. Ran nan hira ta faɗa kan abubuwan da matuƙan jiragen soja ke cewa suna gani a sama. Injiniya ya ce manyansu sun zauna sun duba, yawanci balan-balan ne, ko tsuntsaye, ko datti a gilashin kyamara. Ni kuwa ba abin da nake so irin in ƙure 'yan boko. Na suɗe hannu na ce, "Ku a waya kuka karanta. Ni sati uku ke nan nawa yana bi na."

Kowa a falon ya juyo yana kallona. Daɗi ya kama ni. Na ce wani abu ne baƙi ƙirin, da ɗan wutsiya, na gan shi a Muntaza, na gan shi kan benayen Mushairib. In na yi dama ya yi dama, in na tsaya ya sulalo ƙasa a hankali, ba ƙara ba hayaƙi. (Har na ƙara da cewa wani soja ya tabbatar mini. Ban san soja ko ɗaya a ƙasar nan ba, Allah Ya yafe mini.)

"Yalla, mu je, Baba Direba, nuna mana," in ji Injiniya.

Muka ɗunguma baranda, mutum goma sha, har da masu ɗaga waya. Na ɗaga kai, ga shi nan kuwa! Na miƙa yatsa ina ihu, "Ga shi can saman tankin ruwa!" Suka ƙura ido har hawaye. Ba wanda ya ga ko ƙuda. Na ce kallon kwamfuta ya kashe musu ido.

Akwai wani baƙo a cikinmu, sabon likita daga Zariya. Ban tambayi likitan mene ne ba. Ya ce, "Baba, rufe idon hagu."

Na rufe. Abu ya ɓace.

"Buɗe."

Ya dawo.

"To shigo ciki ka kalli bango."

Jama'a, ga shi nan a farin bangon Injiniya, kusa da agogo, da wutsiyarsa. Kuma don wauta da bakina na faɗa.

"Innalillahi, mutanen sama sun biyo ka har falo!" in ji wani ɗan Kumasi. "Baba, a zuba musu tuwo?" Injiniya sai da ya zauna a ƙasa don dariya.

Likitan ne kaɗai bai yi ba. Na ja shi gefe ina raɗa, "Ɗana, ka rufa mini asiri, kada kafil ya ji." Ya ce, "Baba, 'ya'yan mutane kake ɗauka. Gobe da safe ka same ni, in ba haka ba ni zan same ka."

Na je, ashe likitan ido ne. Wata 'yar yagewa ce a can cikin idon, ya ce da na ƙara jinkiri da duhu ya rufe shi. Ya ƙone wurin da wani haske, na huta kwana biyu, na ci gwajin lasisi da tabarau mai kaurin gindin kofi.

Gaskiyar magana, tun ranar farko zuciyata ta raya mini ido ne. Na dai ga ya fi sauƙi a ce baƙi daga sama suna farautata da a ce na tsufa. Yanzu in na hango abin mamaki, sai na kanne ido ɗaya kafin in buɗe baki.