Wutsiyar Sarkin Tazara

A wani daji da ke can bayan wani dajin, akwai kasuwa mai ci ranar Laraba a gindin wata tsohuwar tsamiya. Kasuwa ce ta masu son juna ƙwarai. Ba a sayen ko albasa ɗaya sai an sha hannu, an tambayi gida, an tambayi gajiya, an shinshina juna, sannan a fara ciniki. Ana cikin wannan zaman daɗi sai annobar atishawa ta shigo. Takan fara da ƙaiƙayin hanci, ta gangara ƙirji. Matasa kan yi kwana bakwai su miƙe, amma tsofaffi da yawa ba su sake miƙewa ba.

Sarkin Kasuwa, wani ƙaton Ɓauna mai suna Nomau, ya kira taron gaggawa don a hana cunkoso. Dabbobi suka cika gindin tsamiya har ana hawa kan juna, domin kowa yana son ya ji da kunnensa yadda za a daina matsuwa.

Shamuwa ce ta fara magana, don ita ce mai yawon ƙasashe. Ta ce, "Ranka ya daɗe, na ga cutar nan da idona a inda na fito. Kariyarta ba ta da wuya. A wanke hannu da sabulu da ruwa mai tsabta. A rufe hanci da baki da ƙyalle. Kowa ya ba ɗan'uwansa tazara. Wanda ya zo cefane ya sayi abin da ya kawo shi ya koma gida, hira ta jira lafiya. Shi ke nan."

Dabbobi suka kalli juna. Ba wai ba su gane ba ne. Abin da ya dame su shi ne maganar ta yi sauƙi da yawa, kuma duk iya dubawarsu ba su ga inda za a naɗa wani a cikinta ba.

Nomau ya yi gyaran murya ya ce, "Mun ji, mun gode. Amma ita tazarar nan, nawa ce? Doka ba ta tafiya babu ma'auni."

Zomo ya yi wuf ya ce tsawon wutsiya ɗaya, kowa da tasa. Kada ya ce ya goyi baya ɗari bisa ɗari. Sai aka duba aka ga wutsiyar Zomo ba ta wuce curin auduga ba, ta Kada kuwa za ta cinye layin masu tumatir gaba ɗaya. Kwaɗo ya yi tsalle ya ce, "To mu da tamu ta ɓace tun muna yara fa? A aljihun wa za mu tsaya?" Hayaniya ta kaure, miyau na tashi ta ko'ina, duk a kan maganar kare lafiya.

Nan ne wani jan Biri mai suna Jatau ya sauko daga reshe, ya durƙusa ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Ni ba mai son muƙami ba ne, kowa ya sani. Amma ga wutsiyata nan, ba ta yi tsawo ba, ba ta gajarta ba, ga ta da lanƙwasa. Idan jama'a ta matsa mini, zan sadaukar da ita. Duk inda biyu suka tsaya, in ɗora tsininta a hancin wannan, in miƙa ta zuwa hancin wancan. Wanda aka auna ya tsira. Wanda ba a auna ba, ba mu san matsayinsa ba."

Ba wanda ya matsa masa, amma ya karɓa. A take aka naɗa shi Sarkin Tazara, aka yi masa rawani mai kunne biyu, kowa ya zo ya rungume shi don taya murna. Shamuwa ta buɗe baki za ta yi magana, makaɗa suka riga ta.

A gefen dajin kuwa akwai wata Bushiya mai suna Tasalla, wadda ba ta je taron ba. Tana zaune da mahaifiyarta, Iya Kande, tsohuwa mai fama da fuka, wadda ko hayaƙin murhu ya taɓa ta sai ta kwana uku tana neman numfashi. Tasalla ta sani sarai, idan atishawar nan ta shiga ɗakinsu, ba za ta fita ita kaɗai ba. Mako biyu ta ƙi leƙa kasuwa, har tulun gero ya fara amsa kuwwa.

Ranar Laraba da hantsi Iya Kande ta ce, "Ke 'yar nan, yunwa ma ai cuta ce. Je ki samo mana gero da kuka da daddawa, da 'yar citta saboda ƙirjina. Amma don Allah kada ki kwaso mini abin da ban aike ki ba."

Tasalla ta ɗaura ƙyalle a hanci, ta ɗauki kwando da butarta da guntun sabulu, ta kama hanya.

A bakin kasuwa ta tarar da dogon layi. Majalisar Sarkin Kasuwa ta ajiye kwatarniya ɗaya ta wankin hannu, ruwan cikinta tun na asuba, ya riga ya koma kalar kunun kanwa. Gyado yana ciki gaba ɗayansa yana birgima, ya ce shi ba ya yin biyayya rabi da rabi. Tasalla ta koma gefe ta wanke hannu da ruwan butarta. Aka bi ta da harara, wata Gafiya ta ce, "Ji girman kai! Ruwan hukuma ne bai yi mata ba."

Cikin kasuwa kuwa abin sai wanda ya gani. Kowa da takunkuminsa, amma Raƙumin Dawa ya ɗaura nasa a tsakiyar wuya, Giwa ta rufe baki ta bar hancin yana yawo cikin kwandunan mutane, Akuyar daji ta riga ta cinye nata tana neman ƙari. Duk wanda zai yi atishawa sai ya sauke ƙyallen tukuna don kada ya ɓata shi. A tsakiyarsu ga Sarkin Tazara yana tsalle daga rumfa zuwa rumfa, wutsiya na tashi daga hanci zuwa hanci, yana shela, "An auna! An auna!" Wanda aka auna sai ya yi ajiyar zuciya, ya matso kusa da maƙwabcinsa ya ba shi labari.

Tasalla tana gaban mai daddawa sai Jatau ya dira a gabanta. Idanunsa sun yi ja, hanci na yoyo. Ya yi atishawa uku a jere har rawanin ya karkace, ya kamo tsinin wutsiyarsa ya share hanci da shi tas, sannan ya miƙo mata shi.

"Sauke ƙyallen nan, baiwar Allah, a auna ki."

Tasalla ta ja da baya ta ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa. Ina da tsohuwa a gida."

"Don tsohuwar ake yi ai! Kawo hancin."

"Yallaɓai, hanci nawa wutsiyar nan ta taɓa yau?"

Jatau ya ɗaga ƙirji ya ce, "Ɗari huɗu da sittin, ban da nawa. Ba a taɓa aiki irin wannan ba a tarihin dajin nan."

Ya kawo wutsiyar kamar mai shafa turare. Tsoro ya kama Tasalla, tsoro na gaske, don fuskar Iya Kande kawai take gani. Sai ta yi abin da kakanninta suka saba, ta dunƙule. Wutsiyar hukuma ta sauka a kan ƙaya.

Ihun da Jatau ya kurma sai da ya tayar da jemagun tsamiya. Ya haye rumfa yana hura wutsiya yana cewa, "Ba a auna ta ba! Jama'a, ga wadda ba a auna ba!"

Kasuwa ta watse. Giwa ta bi ta kan tumatir, Gyado ya fito daga kwatarniya da gudu ya sake komawa, Kwaɗo ya faɗa aljihun Zomo, ya samu amsar tambayarsa. Kafin ƙiftawar ido fili ya buɗe wa Tasalla ta kowane gefe, irin tazarar da Shamuwa ta roƙa ba ta samu ba. Ta warware a hankali ta leƙo. Mai daddawa, daga bayan wani suri, ya ce, "Ɗauki ki ajiye kuɗin a nan, kada ki matso!" Mai gero ma haka, mai kuka ma haka. Mai citta har gyara ya wurgo mata don ta yi sauri. Ba ta taɓa gama cefane da wuri irin na ranar ba. A ƙofar gida ta sake wanke hannu, ta wanke ƙayoyin bayanta ɗaya bayan ɗaya, ta shanya kwandon a rana, sannan ta shiga ta dama wa tsohuwa kunu.

Kafin wata Larabar, duk hancin da aka auna yana yoyo. Majalisa ta sake zama, ana magana ana atishawa. Shamuwa ta ce a duba wutsiyar, aka ce ta zauna, ba a binciken ma'auni. Nomau ya share hawaye ya yanke hukunci. Ya ce, "Mun yi bincike, atisha! Mun gano cewa cikin duk waɗanda suka shigo kasuwa, mutum ɗaya ce ba a auna ba, kuma ga abin da ya biyo baya. Saboda haka an haramta wa Tasalla shiga kasuwa. Kada wanda ya kusanci gidanta da ƙasa da wutsiya arba'in. Cefanenta kuwa, don kada a ce mun yi zalunci, a riƙa ajiye mata a kan dutsen bakin rafi, mai kaiwa ya juyo da gudu."

Aka aiki Hankaka ya faɗa mata daga saman bishiya. Tasalla ta shiga ɗaki ta gaya wa mahaifiyarta, tana ƙoƙarin danne dariya. Iya Kande ta kurɓi kununta mai citta, ta ja numfashi har ƙasan ƙirji ba tare da ko tari ba, ta ce, "Allah sarki. Ki ce musu mun karɓi ƙaddara, kada su sassauta."

Ba su sassauta ba kuwa, har annoba ta wuce. Iya Kande ta ga damina huɗu bayan wannan. Shi kuma Jatau an ƙara masa girma saboda raunin da ya samu a bakin aiki.

Cikin duk dokokin da majalisar ta kafa a shekarar, ta korar Tasalla ce kaɗai aka bi sau da ƙafa, kuma har yau idan ana son a tsorata masu taurin kai, da ita ake ba da misali.