Jana'izar Jatan Lande

Ƙanin maigidana, Sani, ya kawo mana jatan lande cikin ƙanƙara daga Legas. Zai koya min dahuwarsa na ce, "Haba Sani, ni da na yi darasin girki a sakandare?"

Ina zuba shi a tafasasshen ruwa sai ya yi jawur. Na yi salati, na yanke hukuncin ya lalace. Ko kaji ban ba ba, kada in ɗau alhakinsu. Gindin darbejiya na binne shi.

Sani ya zo da baƙinsa daga Maigatari, har sun wanke hannu za su ci, sai na shaida masa na binne shi don ya yi ja. Ashe jan nan alamar dahuwa ce!

Har yau in ya shigo, sai ya dubi bishiyar ya marairaice: "Matar Yaya, yaushe ne sadakar arba'in?"