An Raba Mini Ɗakin Takaba

Jiya da hantsi ina zaune a ɗaki, ina takabar mijina Kailani, sai ga sallamar magini da igiyar awo. Bayansa Alhaji Ɗantsoho ne, mai gidan da muke haya, yana wani sunkuyar da kai.

"Inna Rahma, yaya ƙarin haƙuri? Ɗan matsa, za mu auna."

Wai ɗakin ya yi wa mace ɗaya yawa, za a raba shi biyu da katako.

Na ce, "Alhaji, mai takaba ba ta barin ɗakin mijinta."

Ya ce, "Wa ya ce ki bari? Ɗakin ne zai ragu."

Lokacin da aka kawo ni Tudun Wada, tsakar gidan nan har da mangwaro da turken akuya. Yanzu wurin mangwaro ɗaki ne, wurin akuya ɗaki ne, madafi ma wani mai shayi ne a ciki da iyalinsa. Ranar rasuwar Kailani, a bakin kwata aka shimfiɗa wa masu gaisuwa tabarma. Ƙauye ya kwaso kaya ya taho birni neman abinci, ya tarar mu ma nema muke. Layin banɗakinmu da safe ya fi na gidan mai tsawo.

Shi kuwa mai mulkinmu, Mai Girma Uban Alkawari, Allah ya ƙara wa tumbinsa albarka, na ji shi a rediyo yana cewa cikar gari ci gaba ce, talauci kuma haihuwarmu ce ta jawo. Ni dai biyu na haifa, ranka ya daɗe. Gidajen talakawa da ka ɗora wa harsashi tun gemun Kailani na baƙi, su nawa suka haifa?

Igiyar magini ta ratsa tsakiyar gadonmu. Na cafke ta, na ce sai dai a raba har da ni. Sai maƙwabciyata Fiddausi ta leƙo.

"Inna, kin san wa za a sa? Matar nan da ke kwana a zaure da yaranta. A gona aka kashe mijinta, a bayan mota ta fara takaba."

Na saki igiyar. Na ce a ba ta ɓangaren taga, nan Kailani ke kwanciya, ya fi iska.

To, ranka ya daɗe, ga gida ɗaya ya zama biyu a zamaninka. Zo ka buɗe, a ɗauke ka hoto. Amma ka zo kai kaɗai, kuma ka shigo a kaikaice.