Takalman Kofur da Maruƙan Ardo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je rugar Ardo Buba ba, ko da kuwa na so in manta, don mutanen Maigatari ba su ba ni wannan damar ba.

Lokacin Turawa na nan, saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai. Ni kuwa sabon malamin dabbobi ne a Gumel, an damƙa mini babur ɗin ofis, kaina ya yi girman da hula ba ta zama. Aikin da aka ba ni shi ne in shawo kan Ardo Buba ya bari a yi wa shanunsa allurar bushiya, cutar nan mai share garke. Malamai biyu sun je kafin ni, sun dawo da fura a ciki, babu amsa. Tsoron Ardo shi ne mu 'yan leƙen asiri ne, muna allura muna ƙirga shanu mu kai wa masu karɓar jangali, harajin shanu. Shugabanmu ya ce in na dawo hannu rabbana, in ajiye babur in koma wanke kwalaben magani.

To, ni da fade na koyi babur, takalmin nan mara nauyi mai barin yatsu a waje. Giyar babur ɗin a ƙafar dama take. In kana son ta ɗaya sai ka cusa yatsu ƙarƙashin ƙarfen ka ɗaga, sauran kuwa takawa ake yi. Tsakanin ta ɗaya da ta biyu akwai firi, inda inji zai yi ta kuka babur na tsaye. Shi firi ba a taka shi, lallaɓa shi ake yi, rabin taɓawa, kuma babban yatsana ya san wurin ko ido rufe. Da faden nan na zagaye Gagarawa da Sule Tankarkar ban taɓa faɗuwa ba (sai sau ɗaya, shi ma jaki ne da laifi).

Ana gobe tafiya sai maƙwabcina Kofur Tanko, tsohon sojan da ya yi yaƙin Bama, ya dubi ƙafata ya girgiza kai.

"Haba Malam! Ma'aikacin gwamnati guda, da fade? Ai Ardo na ganin yatsun nan zai raina ka."

Ya shiga ɗaki ya fito da takalmansa na soja, baƙaƙe, masu ƙusoshi a ƙasa, kowanne ya yi nauyin ɗan akuya. Sun fi ƙafata, sai muka cusa tsumma. Na taka ƙwas, ƙwas a zaure, wallahi har ni kaina na ji tsoron kaina. Ban gwada su a kan babur ba. Me za a gwada? Takalmi ai takalmi ne.

Tun a ƙofar gari na gane ba haka ba ne. Kan takalmin ya ƙi shiga ƙarƙashin ƙarfen giya, sai na karkace ƙafa na ɗaga da gefen dunduniya. Idon sawu kuma ya ƙi lanƙwasuwa, dole in ɗaga ƙafar gaba ɗaya tun daga cinya in sauke ta kamar mai kirɓa sakwara. Ba na jin komai. In na nemi ta biyu sai in faɗa ta uku, babur ya yi ta tari a cikin rairayi. Da mai hankali ne da ya koma gida ya ɗauko fadensa. Ni sai na ce ƙafa za ta saba.

Na isa ruga da hantsi, ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari. Mata sun fito da ƙore za su yi tatsa. Maruƙa suna ɗaure a jere a jikin dangwali, doguwar igiyar da ake tsare su da ita don kada su riga masu gida shan nono. Ardo na zaune a gindin aduwa da dattawansa.

Na matse kuloci da hannun hagu na tsaya, na shiga neman firi. Na taka, ta biyu. Na ɗaga, ta ɗaya. Na sake takawa, ta biyu. Za ku ce in kashe injin mana. To babur ɗin nan in ya mutu da zafi sai an tura, ni kuwa ban zo ruga don dattawa su tura ni ba. Sai ma na ƙara masa wuta don kada ya mutu (totur ɗin wancan zamani inda ka bar shi nan yake zama, ba ya komawa da kansa).

Ya kamata in sauka, in tuɓe takalmi, in durƙusa. Ga ni ƙememe a kan sirdi ina murmushi. Ardo, mutumin kirki, da ya ga baƙo ya ƙi saukowa sai ya taso da kansa ya miƙo hannu.

"Maraba da Malam. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, Baba Ardo, Allah ya ja da ranka."

Na ba shi hannun dama. Sai tarbiyyar gida ta motsa. Wa ya taɓa gaida dattijo da hannu ɗaya? Hannun hagu, ba tare da ya yi shawara da ni ba, ya saki kuloci ya zo ya tallafi na dama.

Ardo ya fi ni hankali, ya saki hannuna. Babur ya yi tsalle da ni, na kai ƙafa birki takalmi ya zame, muka nufi turken dangwali muka tumɓuke shi. Ni na kwanta a cikin kashin shanu, babur ya kwanta a kaina, sannan ne ya ga damar mutuwa. Ina kwance ina kallo maruƙa suka ja igiyarsu gaba ɗaya suka isa wurin iyayensu. Kafin a raba su, nonon kasuwa ya ƙare ƙaf.

Uwargidan Ardo ta zo ta tsaya a kaina da ƙwarya babu komai ciki. Ta yi magana mai tsawo da Fulatanci. Na gode Allah da ban iya ba.

Da aka zaro ni, na zauna a gefe ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Na san aiki ya tafi, har na fara ganin kwalaben. Dattawa suka yi ta ƙus-ƙus. Can Ardo ya yi gyaran murya, ya juya Hausa don kada in rasa ko kalma.

"Ku kawo shanu gobe a yi musu allura. Wannan yaron ba ɗan leƙen asiri ba ne. Wanda bai san inda ƙafarsa take ba, ina zai san yawan shanunmu?"

Na ce, "Na gode, Baba." Me zan ce?

A ofis aka yi ta yaba mini, wai na iya magana da Fulani. Har shugabanmu ya ce in koya wa sauran malamai dabarar. Na ce masa abu ne da ba ya koyuwa.

Darasin da na ɗauka dai shi ne, takalmin da za ka hau babur da shi ka fara gwada shi a bayan gida, inda babu dattijo babu maraƙi. In kuma mutane suka amince da kai farat ɗaya, kada ka matsa sai ka ji dalili.