Yadda Za Ka Haɗa Tanderun Kifi da Kwamfuta Ba Tare da An Gane Ba Ka Iya Ba

Idan ka bi matakan nan daki-daki, na yi maka alkawarin abu biyu. Na farko, na'urar da ke kula da zafin tanderunku za ta yi magana da kwamfuta ta waya, kamar yadda aka umarce ka. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, babu mahaluƙin da zai gane cewa ranar da aka ba ka aikin ba ka san ko ta ina ake soka wayar ba. Hanyar gwadaddiya ce. Na tsamo ta ne daga aikin Ejvind Sonne, mai gyaran lantarki a wani gidan bandar kifi da ke bakin tashar jiragen ruwa ta Nexø, wani gari a kan tsibiri, inda na yi shekara goma sha ɗaya ina jera kifi a kwali, ina kallonsa.

Mataki na 1: Ka ce ƙaramin aiki ne

Ranar Litinin Bodil, mai gidan bandar, ta tare Ejvind a bakin tanderu na biyu da takarda a hannu. An daina karɓar zafin tanderu da ake rubutawa da biro a littafi. Yanzu so ake kwamfuta ta riƙa ɗauka da kanta, minti-minti. Sufeton abinci zai zo ranar Juma'a, in kuwa bai ga hakan ba, kifinsu ya daina hawa jirgi zuwa kantuna.

"Wanda ya sayar mana da na'urar ya ce akwai wurin haɗawa a bayanta," in ji Bodil. "In kira kamfani, ko za ka iya?"

Shekara tara da suka wuce, ranar ɗaukarsa aiki, an tambayi Ejvind ko ya iya kwamfuta, ya ce ƙwarai. Abin da yake nufi shi ne yakan duba hasashen yanayi kafin ya fita da kwalekwalensa. Tun daga ranar shi ake kira in kwamfutar ofis ta daskare, ya kashe ta, ya kunna, a yi masa godiya. Shekararsa hamsin da shida, kuma a duk tsibirin babu wani gidan banda da ke neman mai gyaran lantarki.

"Ƙaramin aiki ne," ya ce.

Ka lura da kyau. Bai ce zai iya ba. Girman aikin kawai ya faɗa.

Mataki na 2: Ka rataya waya a kafaɗa

Ka leƙa bayan na'urar. Za ka ga jerin ƙananan ƙusoshi, biyu daga ciki an rubuta musu A da B. Ka leƙa bayan kwamfutar. Ba za ka ga ramin da ya yi kama da su ba ko kusa. Kada ka firgita. Akwai wani ɗan akwati da ake sawa a tsakani, ya zama tafinta. Ejvind ya gano haka ne daga bakin mai shagon kayan lantarki, ta hanyar yi masa tambayar a matsayin ta wani abokinsa.

Akwatin sai Laraba zai iso a jirgin safe. Wato kana da kwana biyu da ba ka da abin yi, kuma bai kamata a gane ba. Ka nannaɗe waya mai tsawo, ka rataya a kafaɗa, ka soke sukudireba a aljihun gaba, ka riƙa kai da komowa tsakanin ofis da tanderu kana kallon rufi. Mutane suna jin nauyin tsayar da wanda ke kallon rufi.

Mataki na 3: Ka karanta littafin na'urar, amma a ɓoye

Gwani ba ya karanta littafi. Saboda haka kai ma ba a ganinka kana karantawa.

Ejvind ya ɗauki nasa zuwa mota lokacin abincin rana. Shafi ɗari biyu da sha biyu ne, da Jamusanci, kuma Jamusancinsa na gaisawa da masu yawon buɗe ido ne. Da baƙin burodi a hannu ɗaya, ya tsinci abu uku. Dole na'urar da kwamfutar su yarda a kan saurin da za su yi magana. Dole su yarda a kan yadda za su duba ko saƙo ya iso lafiya. Sannan na'urar tana da lamba kamar lambar gida, kuma in ba da lambar aka kira ta ba, ko kallo ba ka ishe ta ba.

Yana cikin haka aka ƙwanƙwasa gilashi. Ragna ce, mai kula da tanderu. Shekararta sittin da huɗu, talatin da takwas daga ciki a bakin wuta ta yi su, kuma da bayan hannu take gane zafi in ta ɗora a ƙofa.

"Injiniya, makaranta aka koma?"

Ya ja jarida ya rufe littafin. "Sakamakon ƙwallo nake dubawa."

"Da Jamusanci? To sannu."

Mataki na 4: Ka gwada duk lambobin da ke duniya, ka ce "muna"

Akwatin ya iso. Ejvind ya ɗaura A a kan A, B a kan B, ya ja waya ta saman ƙofa har ofis, ya buɗe manhajar. Ya zaɓi sauri dubu tara da ɗari shida, ya danna. Kwamfuta ta ce ba amsa. Ya ninka saurin. Ba amsa. Ya rage shi rabi. Ya canza lambar gida daga ɗaya zuwa biyu, zuwa uku, ya kai goma sha bakwai. Na'urar tana can a jikin bango tana nuna zafinta cikin jan haske, kamar ba da ita ake ba.

A irin wannan hali ka riƙa rubutu a takarda kana gyaɗa kai. In mai gida ta leƙo, kada ka ce "ina". Ka ce "muna".

"Yaya dai?" in ji Bodil, da yammacin Laraba.

"Muna matakin gwaji."

"Ku da wa?"

"Ni da na'urar."

In an matsa maka, akwai masu ɗaukar laifi guda uku da ba sa musu: gishirin da ke cikin iska, hayaƙin da ya shiga soket, da kuma waɗanda suka ƙera na'urar, tunda suna nesa. Kada ka ƙarar da su rana ɗaya.

Mataki na 5: Ka ƙi shawara, sannan ka bi ta

Da safiyar Alhamis Ragna ta same shi durƙushe a bayan na'urar, ya zuba wa ƙusoshin ido.

"Ba wayoyi biyu ne ba? Ka juya su mana."

"Ba haka ake yi ba, Ragna. A tana zuwa A, B tana zuwa B. A rubuce yake."

"Mijina marigayi Holger wata guda ya yi yana zagin famfon kwalekwalensa. Ashe a juye ya ɗaura."

"Wannan ba famfo ba ne."

"To," ta ce, ta ɗauki bokitinta.

Ejvind ya jira har ya ji ƙofar ɗakin gishiri ta rufu. Ya kwance, ya juya, ya ɗaure, ya tafi ofis da tafiyar wanda ba ya sauri. Ya danna. Ƙananan fitilu biyu na jikin akwatin suka fara ƙyaftawa, wannan ta yi, waccan ta amsa. Lamba ta fito a fuskar kwamfuta. Ya ja kujera ya zauna.

Daga baya ya shaida wa Bodil cewa abin da wani kamfani ke kira A shi wani ke kira B, kuma sanannen abu ne a wurin masana. Abin mamaki, gaskiya ya faɗa. Shi dai bai san gaskiya ba ce a lokacin.

Mataki na 6: Kada ka tsaya inda aka ce ka tsaya

Lambar da ta fito ɗari bakwai da hamsin ce. Ejvind ya ruga bakin tanderu yana tsammanin ganin gobara, ya tarar na'urar tana nuna 75.0, kifi kilo ɗari uku suna ciki suna shan hayaƙi lafiya lau. Ashe ɗigon ne ba ya bin waya. Ya yi dariya shi kaɗai, ya gyara manhajar ta riƙa sa ɗigon da kanta.

A nan aikin da aka ba shi ya ƙare. Amma a gefen fuskar akwai wani ɗan fili da ake rubutu a ciki, a aika wa na'urar umarni. Ya hango kansa gobe, gaban Bodil da sufeto, yana juya tanderu daga kan kujera. Shekara tara ana kiransa mai kwamfuta, yau ga shi zai zama.

Ya yi taka-tsantsan, wannan kam a ba shi. Ya ce bari ya aika zafin da ake kai, don kada komai ya canza. Ya rubuta 75, ya aika. Na'urar ta ce ta karɓa. Ya tafi shan kofi.

Na'urar ta mayar da ɗigonta inda ta saba sa shi, ta karanta bakwai da rabi, ta kashe wuta.

Minti hamsin Ragna tana ɗakin gishiri. Da ta fito, ta ɗora bayan hannu a ƙofar tanderu tana wucewa, sai ta tsaya. Ta dubi na'urar, ta mayar da zafin da hannu. Kifin ya dahu daga ƙarshe, amma ya fito fari fat, ya yi laushi, fatar tana saɓulewa. Ko kyauta ba a kai irinsa kanti.

Bodil ta daɗe tana kallon tiren farko.

"Wa ya taɓa na'urar?"

"Ni kaɗai nake taɓa ta," in ji Ragna. "Saba'in da biyar na sa. Na san abin da na sa."

"Watan jiya ma kin ce kin san inda kika ajiye tabarau."

Ejvind yana tsaye a bakin ƙofa da kofi a hannu, ya ga Ragna ta sunkuya tana duba yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ya koma ofis, ya dubi fuskar kwamfuta, ya gane komai. Bai ce uffan ba, kuma daidai ya yi. Ranar Ragna ta tashi aiki kafin lokaci, abin da ban taɓa gani ba.

Mataki na 7: Ka goge layin

Manhajar tana ajiye tarihin duk abin da aka yi. A ciki akwai layi guda: ƙarfe goma da minti arba'in da biyu, an aika 75 daga kwamfuta. Babu mai iya buɗe wurin sai kai. Ka haska layin, ka danna madanni ɗaya, shi ke nan ka gama, kai gwani ne har ka yi ritaya.

Da safiyar Juma'a Ejvind ya haska layin. Yatsansa yana kan madannin sai Ragna ta shigo da kofi biyu, ta ajiye masa ɗaya.

"Na gaya wa Bodil ƙarshen wata zan ajiye aiki," ta ce. "Gara in tafi da ƙafata, kafin in ƙona musu gida." Ta leƙa fuskar, ba ta gane komai ba. "Yana aiki kuwa?"

"Yana aiki."

"To madalla. Ko banza an samu mai sa mini ido."

Ta fita. Kofin ya huce a gabansa.

Ƙarfe tara sufeto ya iso, wani dogo mai suna Asger, da hular leda a kansa. Ya duba zanen zafin, ya gyaɗa kai, sannan ya ɗora biro a inda layin ya gangara ya yi kwari.

"Nan me ya faru?"

"Kuskuren hannu ne," in ji Bodil. "Mun riga mun yi magana da mai—"

"Ni ne," in ji Ejvind.

A nan ya kauce wa koyarwata, kuma ina roƙonka kada ka yi koyi da shi. Ya buɗe tarihin, ya nuna musu layin, yana nan a haske yadda ya bar shi.

"Na rubuta saba'in da biyar, ita ta karanta bakwai da rabi. Ragna ba ta taɓa komai ba, ita ce ma ta gyara." Da ya tsaya nan da sauƙi. Bai tsaya ba. "Har ranar Talata ban san komai a kan aikin nan ba. Wayoyin ma ita ta ce in juya."

Asger ya yi ɗan rubutu. "Kifin ya shiga kasuwa?"

"Bai shiga ba," in ji Bodil.

"To kwamfutarku tana faɗin abin da ya faru. Shi na zo gani." Ya sa hannu a takarda, ya ba da shawara a kulle filin aika umarni, ya tambayi ko jirgin rana yana tashi a kan lokaci.

Bayan ya fita Bodil ta rufe ƙofa a hankali.

"Na tambaye ka in kira kamfani."

"Kin tambaya."

"Fita ka kira mini Ragna. Kai kuma ka tsaya a waje."

Ba a kore shi ba. An tura shi kwas na kwana uku, aka kuma niƙa kifin nan aka yi abin shafa wa burodi, muka ci shi da rana har muka daina son ganin juna. Ragna ta janye maganar ajiye aiki, amma kwana tara ba ta yi masa magana ba. A na goma ta tsaya a kansa yana canza ƙwan fitila.

"Kwana guda cur ka bar ni ina tuhumar yatsuna."

"Na sani."

"Sauko ka riƙe mini tire, Bakwai-da-Rabi."

Kafin mako ya zagayo sunan ya isa tashar jiragen ruwa. Yau har mai kawo wasiƙu da shi yake kiransa, kuma yana amsawa.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ma'aikacin jera kifi ne, bai taɓa riƙe sukudireba da niyyar aiki ba. Duk tanderun da ya huce, ko kifin da ya lalace, ko wayar da ta yi tartsatsi sakamakon bin matakan nan, tsakaninka ne da mai gidanka. In ka bi su har na bakwai, ba na son jin labari. In kuma ka karaya a na ƙarshe ka buɗe baki, sunan da za a laƙaba maka ba ni na zaɓa ba, kuma ba ni da hanyar cire maka shi.