Kunnuwan Jaki a Kasuwar Dungas

Ba zan taɓa mantawa da ranar da ƙaiƙayin hannu ya kusa ja wa ɗiyata asarar aiki ba. Ni da aji biyu na yi a lekwal, makarantar boko, aka koro ni, me ya kai ni taɓa ordinatar, wato kwamfuta?

Ɗiyar tawa, Hadiza, ta zo daga Damagaram tana haɗa fim na mutum-mutumi kan adana wake, za a nuna wa manoma a meri, ofishin magajin gari, washegari. In ya yi kyau su ɗauke ta aiki. Ta gina kasuwar Dungas a ciki, maza arba'in tsaye. Na ƙura wa na gaba ido, wani mai tumbi da karkatacciyar hula, na ce wallahi Ilu ne, taubashina.

Tana tashi sallar azahar na matso. Na ga yadda take kama abu ta ja, sai na kama kunnen mutumin na ja. (Nufina in kira Ilu mu yi dariya, in mayar.) Kunne ya miƙe kamar na jaki. Ina ɗaga ido, duk arba'in ɗin sun yi kunnuwa! Na danna nan, na danna can, sai ƙara tsawo suke. Gumi ya jiƙe mini riga.

Ga Hadiza ta dawo, ga Ilu ya yi sallama.

"Baba, wa ya taɓa?"

Na ce akuya ta gitta.

Ta zauna gaban na'urar. Ta ce mutum ɗaya ta ƙera, sauran duk inuwarsa ce, jiki ɗaya suke ara; abin da ya sami ɗaya ya sami kowa. Ta shiga rubuta wa na'urar umarni, ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta gano wane ne inuwa, kuma ta wa. Ni ina ta jan carbi.

Jeri ya fito, suna ɗaya sau arba'in. Ta karanta da ƙarfi: "Baba." Ashe daga hotona na sallar bara ta ƙera shi. Tumbin nawa ne, hular ma tawa.

Ta gyara ɗaya, duka suka gyaru, kuma ta sami aikin. Tun ranar, kafin in yi wa tumbin wani dariya sai na shafa nawa.

Ilu kuwa, a ranar, yana sa takalmi zai tafi ya ce, "Taubashi, ashe duk jakunan kasuwar nan kai ka haife su?"